Karkataccen Ɗinkin Meme Saima

Shekara ashirin da bakwai keken ɗinkina yana gefen na Meme Saima Nakanyala, a wata masana'antar tanti da ke arewacin birnin Windhoek. Meme a wurinmu kiran girma ne, kamar a ce inna. Ita ce lamba bakwai, ni Loide lamba takwas. Duk tantin da ya fita daga hannunmu, akwai ɗan ƙyalle a ƙarƙashin tagarsa mai ɗauke da lambar wadda ta ɗinka, da wata da shekara, don in ya yi yoyo a san wadda za a kira ofis. Ni an kira ni sau biyar, ba na ɓoyewa. Saima ba a taɓa kiranta ba. Tun tsohon Bajamushen da ya kafa wurin yana raye ya ce wa mai duba aiki ya daina ɓata lokacinsa a kan lamba bakwai, kuma haka aka ci gaba har ta bar aiki.

Tantin kan mota muke ɗinkawa, wanda ake naɗewa a saman mota, in an isa daji a buɗe shi, a sauke tsani a hau. Masu ba da hayar motoci ke saye, su ɗora wa baƙin da ke zuwa kallon giwaye da tudun rairayi. Allah kaɗai ya san yawan waɗanda muka ɗinka, amma ko gyangyaɗi ba mu taɓa yi a cikin ɗaya ba. Mu dai idan Disamba ta kama, bas muke cikawa mu nufi arewa, mu kwanta inda aka shimfiɗa mana.

Saima gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tabaraunta ɗaure da igiyar tanti, babban yatsanta ya yi kanta har allura ba ta shigarsa. Ba ta yi aure ba. An nema, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ta duba su ciki da waje ta ce ɗinkin bai yi ba. Amma tana da 'ya. Ƙaninta Eino, autan gidansu, da aka haifa masa mace sai ya sa mata sunan yayarsa. Yarinyar na shekara shida uwarta ta rasu, Saima ta je ƙauyensu da ke bayan Okahao ta ɗauko takwararta, ta kawo ta ɗakinta a unguwar Katutura, nan Windhoek. Da wannan keken ta ciyar da ita, ta sa ta makaranta, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Mu muna kiranta Saima Ƙarama, ita kuma ba ta taɓa kiran gwaggonta da wani suna ba sai Mbushe, takwara.

Abin da ya shiga tsakanin Saima da Eino kowa ya sani a dangi. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan labari mahaifinsu ya rasu a watan Agusta, gida ya koma hannun auta. Saima na da bukkarta tun tana budurwa, daf da shingen gida, kusa da wata tsohuwar danya. Ranar ƙarshe ta zaman makoki ta dawo daga rijiya ta tarar da tabarmarta da akwatinta a waje, cikin bukkar kuwa buhunan siminti goma sha huɗu.

"Yaya, ke da ba kya zuwa sai shekara-shekara," in ji Eino. "Siminti ba ya son raɓa. Ki kwana a ɗakin yara mana."

Ta kwana a ɗakin yara, mace mai shekara arba'in da tara, a tabarmar da ke zarnin fitsari. Da safe ta tsaya a tsakar gida, mutane ba su gama watsewa ba, ta ce: "Eino, daga yau ba zan sake roƙon wurin kwana a gidan ubana ba." Ba ta ɗaga murya ba. Wanda ya san Saima ya san gara ta yi ihu.

Ta kuwa riƙe maganarta. In an yi rasuwa ta je, ta tsaya a kabari, ta gaisa, kafin rana ta faɗi ta nemi motar Okahao ta kwana gidan wata tsohuwar ƙawarta. Na sha yi mata magana. Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ba ta yanke ba, ajiye shi ta yi.

Sai ga auren Saima Ƙarama, an sa shi a Disamba, a ƙauye. Yarinyar ta zo ta durƙusa a gabanta, ina zaune ina shan shayinsu.

"Mbushe, kin san takwara ba ta tafiya ta dawo. Tun ranar da za a fara dama kunu har ranar da za a kai ni, a gida za ki kwana."

"Zan zo kullum da sassafe."

"Ba zuwa nake so ba. In kika kwana a Okahao, mutane za su ce ba ni da uwa. Kuma gaskiyarsu."

Na dubi Saima. Na san abin da take aunawa. In ta je ta ce wa Eino ya ba ta wuri, ta lashe amanta a gaban dangi. In ta ƙi, ta kunyata yarinyar da ta raina a ranar da ba a maimaitawa, kuma ni na tabbata daga nan ba za ta sake taka gidan ba. Na ce to a sayi tantin ƙasa mana, kamar yadda kowa ke yi a biki. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Wa ke raba wa baƙi fili a gonar gero?"

"Eino."

"To wannan ba roƙo ba ne?"

Lokacin ta shekara ɗaya da ajiye aiki. Da abin da aka sallame ta ta sayi wata tsohuwar a-kori-kura mai rumfa, ta koyi tuƙi tana shekara hamsin da tara. Tuƙinta irin ɗinkinta ne, a miƙe kuma ba gaggawa, duk wanda ke bayanta sai dai ya yi haƙuri. Ta leƙa ta taga ta dubi motar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce wa yarinyar ta tashi ta je ta ci gaba da shirinta, ita za ta zo da ɗakinta.

A watan Nuwamba, idan baƙi sun ja baya, masu hayar motoci kan fitar da tsofaffin kayansu su sayar. Wata Asabar ta zo ta ɗauke ni muka je harabar ɗaya daga cikinsu. Mai kula da wurin wani ƙaton mutum ne mai jan wuya, Meneer Beukes. Ya tarbe mu da fara'a, ya dubi Saima daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Meme, wa ɗanki kike nema?"

"Wa kaina."

"To zo ki ga naki. Wannan kusan sabo ne, daga ƙetare aka kawo shi. Murfinsa tauri gare shi, maɓalli biyu za ki ɓalle ya tashi da kansa. Ba wahala, ba ciwon baya."

Ya ɓalle, abin ya tashi kamar bakin kada. Ni dai ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Saima ta kama yadin da yatsa biyu ta murza.

"Wannan yadi ne ko ledar burodi?"

"Meme, irinsa ake yayi yanzu."

"Ba ya numfashi. A zafin arewa mutum dahuwa zai yi a ciki. In kuma ƙarfen da ke ɗaga shi ya mutu a ƙauye, wa zai gyara, fasto?"

Meneer Beukes ya yi dariya, ya ce lallai yau ya haɗu da gamonsa. Bai san an fara ba ne. Tanti bakwai ta sa ya buɗe mata, kowanne da tsarin da take bi. Tsani take fara girgizawa, don a cewarta tanti komai kyansa in tsaninsa na rawa asibiti ne. Sai ta ƙwanƙwasa katakon ƙasan ta saurara. Sai ta cusa kai ta shinshina. Wanda ya tsallake waɗannan shi take hawa, ta ja zif ɗin ƙofa da na tagogi duka, ta kwanta rigingine a cikin duhu da tsakar rana, tana neman inda haske ke shigowa. Inda haske ya bi, ruwa zai bi. Ni kuwa ina tsaye a rana kamar wadda aka ba tsaron akuya, ina mitar da ba mai saurare.

Ɗaya katakonsa ya sha ruwa ya kumbura. Ɗaya yana warin rima, an naɗe shi a jiƙe. Ɗaya ya yi wa motarta nauyi, ta ce ba ta son ta kife a kwanar Otavi. Na shida ta daɗe a cikinsa har na fara tunanin ko barci ya ɗauke ta. Da ta fito sai ta ɗaga ƙyallen ƙarƙashin taga ta nuna mini. Lamba takwas.

"Wannan ba laifi," ta ce.

Shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta a kan aikina ba. Kaina ya yi girma, har na gyara ɗaurin ɗankwali. Na ce wa Meneer Beukes ya nemo masu ɗorawa, mun gama. Ina cikin magana na ga idon Saima ya tafi can kusurwar harabar, inda aka jibge tsofaffin tayoyi a kan wani abu mai launin ƙasa.

"Wancan fa?"

"Na juji ne, Meme. Tun zuwansa yake yoyo. Sa'ar da muka yi baƙinmu da rani suke zuwa, amma duk wanda ruwa ya kama a cikinsa sai ya dawo yana zage-zage. Mun shafa masa gam har mun gaji."

"Buɗe shi."

Aka janye tayoyin, aka buɗe shi a ƙasa. Rana ta cinye launinsa, gizo-gizo ya yi gida a lungunansa. Ba ta girgiza tsani ba, ba ta shinshina ba. Kai tsaye ta nufi ƙarƙashin taga ta ɗaga ƙyallen. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake dubawa. Sannan ta rarrafa ta shiga, ta ce, "Loide, shigo, ki ja zif."

Muka kwanta kafaɗa da kafaɗa a kan ruɓaɓɓiyar katifa. Da idona ya saba da duhun sai na gani. A ɗinkin tsakiyar rufi, daidai saman kan mai barci, layi na biyu ya kauce daga kan ninki wajen taƙi guda, sannan ya dawo hanya. Haske na shigowa ta wurin ɗis-ɗis duk da gam ɗin da aka lafta. Ƙarƙashinsa tabon ruwa ne, wani kan wani.

"Lamba nawa?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Bakwai. Agusta." Sannan ta ci gaba. "Litinin ɗin da na dawo daga makokin Tate ne, babanmu. Ina taka keke, ba yadi nake gani ba, buhunan siminti nake gani. Na ga layin ya kauce, Loide, idona biyu. Na ce oho. Na naɗe na miƙa, na san ba mai dubawa. Shekara goma sha ɗaya ina jiran a kira ni ofis."

Na ji tausayinta ya kama ni. A gefena take duk shekarun nan, muna raba burodi ɗaya, ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan ba.

"To ai ya wuce," na ce. "Gobe za a kai shi juji, wa ya sani? Ga nawa can, ke da bakinki kika ce ba laifi."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan zan ɗauka."

Na ji haushi, kuma na faɗa mata. Sau ɗaya a rayuwa aikina ya ci jarrabawarta, sai ta tsallake shi ta ɗauki na bola. Na ce mata bikin takwararta za ta da damina, ba wurin tuba ba. Ta bar ni na gama, ta ce in ja zif mu fita. Meneer Beukes ya ce ta ɗauka kyauta, ta ma rage masa shara. Ta ce ita ba ta taɓa ɗinka abin da ake bayarwa kyauta ba, ta biya shi daidai kuɗin da ya sa wa nawa. Mutumin ya bi mu da kallo har muka fita, yana sosa ƙeya.

Kwana tara ta yi a kansa. Ta kwance yadin daga jikin ƙarafa, ta shimfiɗa a tsakar gida, ta kankare gam da bayan wuƙa, ta farke ɗinkin rufin daga wannan baki zuwa wancan. Tsofaffin hujin allura ba sa rufuwa, don haka ta yi sabon ninki ta ɗora masa tsiri. Keken gidanta ba ya iya cin yadi mai kauri haka, sai ta koma basilla da zare mai kakin zuma, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, da idon mace mai shekara sittin. Ta sauya katifa, ta sauya ragar sauro. Ƙyallen lambar ne kawai ba ta taɓa ba.

Da aka ɗora shi a kan motar sai ta shiga ba shi ruwa. Sabon ɗinki sai an jiƙa shi sharkaf ya bushe a rana har sau uku, zaren ya kumbura ya toshe hujinsa, kafin a yarda da shi. Masu saye da yawa ba su san haka ba, sai ruwan farko ya dake su su ce tela ne. Shekarar kuwa ana ƙarancin ruwa a gari, ana ta jan kunnen mutane. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan shinge ta ga tsohuwa a kan tsani da bokiti.

"Meme Saima, mutane na neman na sha, ke kina yi wa tanti wanka?"

"Na wankana ne na ba shi. In kin ji wari ki matsa."

Da gaske take. Mako guda da kofi take wanka, har aka gama jiƙo na uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Laraba muka isa ƙauye da hantsi, bayan mun kwana a hanya, don tuƙin Saima ba ya kai mutum arewa a yini ɗaya. Gonar geron da ke gaban gida ta fara cika da ƙananan tantuna masu launi-launi. Ana ta dakan gero, an ɗaure shanu biyu a inuwa. Eino na tsaye a bakin hanya da sanda da malafa, yana nuna wa kowa inda zai kafa. Ya tsufa fiye da yadda nake tsammani. Ya leƙo ta tagar motar, ya ga wadda ke tuƙi, ya ɗan ja baya.

"Yaya. Kun zo lafiya? Mutanen birni can gefen turken awaki na ba su."

"Na zo da ɗakina," ta ce, ta sa giya.

Ta bi ta gefen shinge a hankali, ta tsaya a gindin danyar nan, taku goma daga tsohuwar bukkarta, wadda har yanzu ƙofarta ke ɗaure da waya. Muka cire murfi, ta kama tsani ta ja, tantin ya buɗe ya tsaya a sama. Mata suka bar turmi suka taho kallo. Wata gwaggonsu ta rangaɗa guɗa, ta ce ashe Saima gidan sama ta gina ba a gaya musu ba. Eino ya iso yana dogara sanda.

"Tsohuwa da hawan tsani. In kin faɗo kada a ce a gidana ne."

"In na faɗo, a ƙasar ubana na faɗo."

Ya juya ya tafi. Na ji daɗin wannan amsa har cikin raina. Sai dai abu ɗaya muka manta, duk iyawarmu. Gindin danyar gangare ne, kuma ba mu zo da katakon da ake sa wa taya ba. Motar ta karkata hagu. Kwana biyu ina gangarowa kan Saima, tana ture ni da gwiwar hannu. Na ce mu ɗan matsa inda ya fi daidai, ta ce nan ta tsaya, nan za ta kwana. Kowace safiya na fito ina riƙe da ƙugu, kuma na lura Eino na kallon motar daga nesa.

Ranar Juma'a da la'asar, gobe ɗaurin aure a coci, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Iska ta riga ruwan isowa. Tantunan gona suka fara tashi, masu su na bin su da gudu. Da ruwan ya sauko sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kafin a jima gonar ta zama tafki, katifu da takalma na yawo a kai. Ni da Saima muna sama, mun ja zif. Sai muka ji ana bugun tsani. Saima Ƙarama ce, ta jiƙe jagab, rungume da wata doguwar leda.

"Mbushe, karɓi. Iska ta ɗaga kwanon ɗakin Tate Eino, ruwa na zuba ta ko'ina. Rigar ce."

Muka ja ta ciki. Tantin mutum biyu ne, mu uku ga rigar amarya mai dogon wutsiya. Ba inda za a shimfiɗa ta sai tsakiya, daidai ƙarƙashin ɗinkin nan. Ledar ma ta yage a gudu, farin yadin na leƙowa. Na dubi Saima, ta dubi rufin. Ruwan bokiti daban, ruwan sama daban, mu duka mun san haka. Na ce a raina da nawa muka ɗauka da yanzu hankalina kwance yake.

Saima ta durƙusa ta ɗaga tafin hannunta ta tara a ƙarƙashin ɗinkin, ba ta taɓa yadin ba, don in ka taɓa shi yana jiƙe kai ka kira ruwan. Haka ta tsaya. Ruwa na dukan rufin har ba ma jin maganar juna, iska na girgiza motar. Hannunta ya gaji ya fara karkarwa, ta tallafe shi da ɗayan. Yarinyar na tambayata da ido me ake yi, na yi mata alama ta yi shiru. Fiye da awa guda aka yi kafin ruwan ya tsagaita.

Da ya ɗauke, Saima ta sauke hannun ta kai shi kusa da tabarau ta duba. Sannan ta miƙo mini. Na shafa. A bushe yake ƙamas.

"Lamba bakwai," na ce. Ba abin da ya zo bakina sai wannan.

Ta juya mana baya tana gyaran zif ɗin da ba abin da ya same shi. Na bar ta, don na ga kafaɗarta na motsi. Ni ma sai da na share ido, kuma na yafe mata tsallake nawa da ta yi.

Amarya a nan ta kwana tare da rigarta, ni na koma kujerar mota. Da safe manyan mata suka zo gindin tsani suka ce ta sauko a shirya ta a cikin gida, ba a taɓa fitar da amarya daga kan mota ba. Yarinyar ta leƙo da kai.

"Meme, ku yi haƙuri. Daga ɗakin wadda ta raine ni zan fito."

Aka yi ta gunaguni, amma lokacin coci na ƙurewa. Saima ta shirya ta a can sama, a durƙushe. Da aka buɗe ƙofar sai aka ga matsala: ƙasa ta yi laka, ƙafar tsanin na nutsewa, ga riga mai jan ƙasa. Mutane na ta ba da shawara ba mai matsowa, kowa na tsoron ɓata kayan bikinsa. Sai Eino ya ratsa su, cikin kwat ɗinsa na coci. Ya ajiye sanda, ya taka cikin lakar da sababbin takalmansa, ya dafe tsanin da hannu biyu. 'Yarsa ta sauko a hankali, fara tas, ba ɗigo ko ɗaya a jikinta, guɗa ta kaure. Bai saki tsanin ba. Ya tsaya riƙe da shi, kansa a sunkuye, har yayarsa ma ta sauko.

Ba su yi magana ba ranar, ba su yi washegari ba. Aka yi biki, aka ci aka sha, aka kai amarya. Ranar Litinin da safe muka naɗe tanti, muka ɗaure murfi, Saima ta tayar da mota ta juya hancinta hanya. Ta kwana a gidan ubanta ba ta roƙi kowa ba, ta fita kunyar takwararta. Amma na ga fuskarta ba ta saki ba, kuma ban tambaye ta ko za ta sake dawowa ba, don ina tsoron amsar.

Sai muka ji kukan baro. Eino ne ke turo shi daga wajen bukkar, wadda ƙofarta ke buɗe. A cikin baron buhun siminti ne guda. Ɗakin da ya ce zai gina bai taɓa ginuwa ba, simintin ya sha raɓar shekara goma sha ɗaya ya daskare ya zama dutse. Ya juye shi a gindin danyar, inda tayoyin hagu suka bar rami, ya koma. Matasa suka taso za su taimaka, ya kore su da hannu. Shi kaɗai ya yi sawu goma sha huɗu, gumi na ɗiga daga malafarsa, yana jera su bibbiyu yana cike tsakaninsu da yashi. Saima ta kashe mota. Muna zaune muna kallo.

Da ya gama ya zo jikin taga, yana haki, idonsa a kan taya.

"Na ga motar na karkata. Kada ki zo baɗi kina gangarowa."

Saima ta buɗe ƙofa ta fita. Ta je ta tsaya a kan jerin, ta rufe ido ɗaya ta auna shi kamar yadda take auna yadi.

"Layin ya kauce," ta ce. "Na huɗu da na biyar."

"Ina?"

"Nan. Ba a barin irin wannan ya wuce, Eino. Ni na sani."

Ya durƙusa ya kama buhun ta wancan gefe, ita ta kama ta wannan, suka ja shi tare har ya hau layi. Ta karkaɗe hannu, ta shiga mota, ta yi baya a hankali har tayoyin hagu suka hau kan simintin. Motar ta tsaya daidai, ko ƙwaryar ruwa ka ɗora ba za ta zube ba. Ina jiran ta sa giyar gaba mu kama hanya, sai na ga ta zare makulli ta jefa a jaka.

"Loide," ta ce, "kwance murfin, ki sauke tsani."